Attajiri da Mabuɗin Makaranta: Tarihin Ajin Yamma a Garin Flint na Amurka

Gabatarwa

Duk ƙasar da kuɗin ilminta ya fara tangal-tangal, abin da jama'a kan fara yi shi ne su waiwayi masu hannu da shuni. Sai ka ji ana cewa, ai da attajiran garin nan za su buɗe bakin aljihu, da makarantunmu sun huta. Maganar tana da daɗin ji, akwai kuma gaskiya a cikinta. Amma kafin mutum ya rungume ta ya kamata ya san irin nauyin da kuɗin attajiri yake iya ɗauka, da tsawon lokacin da yake iya ɗaukarsa, da kuma wanda zai zama mai faɗa a ji a makarantar bayan an karɓi kyautar.

Ba a samun amsar irin waɗannan abubuwa da shaci-faɗi, sai an duba inda aka taɓa gwadawa. Shi ya sa a wannan maƙala na zaɓi in bi tarihin gari guda, watau Flint, a cikin jihar Michigan ta ƙasar Amurka, inda aka shekara casa'in, daga 1935 zuwa 2025, ana wannan gwaji. A can ne wani attajiri ya fara biyan kuɗi don a bar makarantun gwamnati a buɗe bayan an tashi, daga can ne kuma dabarar ta bazu har gwamnatin tarayyar ƙasar ta ɗauke ta. Abin da nake so in nuna shi ne, kuɗin attajirin ya yi rawar gani muddin makarantar gwamnati tana tsaye da ƙafafunta. Da ƙafafun suka sage kuwa, duk yawan dukiyarsa bai iya goya ta ba.

Kafin in shiga cikin labarin, akwai abu biyu da ya kamata mai karatu ya riƙe. Na farko, abin da zan riƙa kira ajin yamma shi ne hidimar da ake yi wa yara a makaranta bayan an tashi, daga wajen ƙarfe 3 zuwa ƙarfe 6, lokacin da iyaye ba su dawo daga wurin aiki ba. A cikinsa akwai taimako kan aikin gida, da wasanni, da koyon sana'ar hannu, wani lokaci har da abinci. Na biyu, a Amurka ba gwamnatin tarayya ke riƙe da makarantu ba. Kasonta a kuɗin ilmin firamare da sakandare bai cika wuce kashi 10 cikin 100 ba. Sauran yana fitowa ne daga jiha da kuma harajin gidaje da filaye da masana'antu na garin da makarantar take. Watau ke nan arzikin makaranta yana bin arzikin garinta.

Garin da attajirinsa

A shekarar 1900 Flint ƙaramin gari ne mai mutum 13,000 da 'yan kai, an san shi da ƙera keken doki. Sai sana'ar ƙera mota ta zo. A 1908 William Durant ya kafa kamfanin General Motors a garin, ma'aikata suka yi ta kwarara daga ko'ina, har a ƙidayar 1930 aka sami mutum fiye da 156,000.

Cikin waɗanda Durant ya jawo garin akwai Charles Stewart Mott, wanda aka haifa a 1875. Masana'antarsa tana garin Utica ne a jihar New York, ta fara da ƙera ƙafafun keke, ta koma ƙera ƙafafun mota da ƙarfen da ke riƙe su. Ya kwaso ta ya dawo da ita Flint, daga baya ya sayar wa General Motors. Wayon da ya yi shi ne, maimakon tsabar kuɗi sai ya karɓi hannun jari a kamfanin. Daga 1913 har rasuwarsa a 1973 yana cikin daraktocin kamfanin, shekara sittin cur. Ya kuma riƙe muƙamin magajin garin Flint har sau uku.

A 1926 ya kafa gidauniya mai sunansa, ya zuba mata hannun jari 2,000 na General Motors, waɗanda a lokacin suka kai dala 320,000. Irin wannan gidauniya ta yi kama da waƙafi: uwar dukiyar tana nan ana juya ta, ribar ce ake kashewa a kan ayyukan taimako. Shekara uku bayan haka, a 1929, babbar karayar arzikin duniya ta faɗo. Cinikin mota ya faɗi warwas, aka sallami dubban ma'aikata, masu gidaje suka kasa biyan haraji. A 1932 kuma masu zaɓe a jihar Michigan suka kafa wa harajin gidaje iyakar da ba zai wuce ba. Makarantu suka shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi, yara kuwa da an tashi sai gararamba a titi.

Dala 6,000

A cikin wannan hali ne wani malamin wasanni mai suna Frank Manley ya fito. Abin da ya dame shi shi ne yawan yaran da mota ke bugewa a titi, da masu nutsewa a ruwa, da masu faɗawa hannun 'yan sanda. A 1935 ya yi jawabi a taron ƙungiyar Rotary ta garin, Mott yana cikin masu sauraro. Bayan taron suka ƙulla abota. Labarin da aka fi bayarwa shi ne, Mott yana da niyyar gina wa samari gidan wasa, sai Manley ya nuna masa cewa ai gidajen wasa suna nan birjik a kowace unguwa, an gina su tuni, sai dai ana garƙame su da kwaɗo da zarar an tashi. Makarantun gwamnati yake nufi.

Mott ya ba hukumar ilmi ta garin dala 6,000 don a bar makarantu 5 a buɗe bayan an tashi. Daga nan komai ya faro. Mutane suka riƙa yi wa abin laƙabi da makaranta mai fitila, saboda tagoginta da ake hangowa da haske da dare.

Ina so mai karatu ya tsaya ya dubi wannan lissafi da kyau, domin a nan zuciyar maganar take. Ginin makarantar, da filin wasanta, da kujeru, da ɗakin taro, duk jama'ar gari ne suka biya da harajinsu. Albashin malamai na safe ma daga harajin yake. Abin da Mott ya biya shi ne ɗan abin da ya rage, watau ladan masu kula da yara da sauran ƙananan ɗawainiyoyin buɗe wuri. Ya sayi mabuɗi ne, gidan kuwa na jama'a ne. Sa'an nan bai kafa wata makaranta tasa ta dabam ba, ta hannun hukumar ilmi ya bi da kuɗin. Saboda haka ne 'yan kuɗi kaɗan suka yi aikin da ya fi ƙarfinsu nesa ba kusa ba.

Bunƙasar shirin

Ba a daɗe ba Manley ya gane cewa ƙwallo kaɗai ba ta gyara yaron da ya fito daga gidan da babu abinci ko babu lafiya. Sai aka ɗauki malamai masu bin gida gida suna duba halin da yara suke ciki. A 1939 aka buɗe wa yara wurin shan magani da kuɗin Mott. Aka kuma buɗe wa manya azuzuwan dare, masu koyon karatu da masu koyon ɗinki da girki da aikin injin. A shekarun 1950 aka ƙirƙiro wani sabon muƙami, watau daraktan makarantar unguwa. Aikinsa yana kankama ne a lokacin da na sauran malamai yake ƙarewa, shi ne mai sanin iyaye da matsalolin unguwa, shi ne kuma mai tsara abin da za a yi a ginin har dare. A ƙarshe kowace makaranta a garin ta sami nata.

Flint ta zama abin zuwa kallo. A shekarun 1960 dubban baƙi ne ke zuwa kowace shekara, daga sauran jihohi da ƙasashen waje, don su ga yadda ake yi. Gidauniyar ta haɗa kai da jami'o'in jihar tana horar da malaman da za su kai dabarar garuruwansu. A 1974 Majalisar Dokokin Tarayya ta yi dokar da ta amince da irin waɗannan makarantu na unguwa, ta ware musu ɗan tallafi. Manley da Mott ba su ga wannan doka ba, na farkon ya rasu a 1972, na biyun a 1973 yana da shekara 97.

Sai dai kada a manta, shekarun nan su ne lokacin da garin yake ganiyar arzikinsa. A 1960 yawan jama'arsa ya kusa 197,000. A ƙarshen shekarun 1960 ɗaliban makarantun gwamnati sun kai wajen 47,000. A ƙarshen shekarun 1970 General Motors yana da ma'aikata kimanin 80,000 a Flint da kewayenta. Harajin da ke riƙe makarantu daga masana'antun nan da gidajen ma'aikatansu yake fitowa. Kyautar Mott ma daga ribar kamfanin take fitowa. Rijiya ɗaya ce ake ɗiba da guga biyu.

Ladan kuturu

Hausawa sun ce wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Tarihin da ya tsaya ga yabo kawai bai cika tarihi ba, saboda haka bari mu dubi ɗaya gefen.

Shekara guda bayan an kunna fitilun makarantu, a ranar 30 ga Disamba 1936, ma'aikatan General Motors a Flint suka shiga yajin aiki na zaman dirshan a cikin masana'antu. Sun yi kwana 44 ba su fita ba, sai da kamfanin ya amince da ƙungiyarsu ta ƙwadago a watan Fabrairu 1937. Mott yana ɓangaren masu kamfani. A ganina wannan ya isa ya nuna mana cewa mai kyautar ba baƙo ba ne a rigingimun garin, yana da ɓangare, yana kuma da irin garin da yake so a gina. Hukumar ilmi zaɓaɓɓiya ce, jama'a na iya kayar da ita a akwatin zaɓe. Gidauniya kuwa ba wanda ya zaɓe ta. Amma duk shugaban makarantun da ya san daga inda kuɗin ajin yamma yake fitowa, zai yi taka-tsantsan kafin ya saɓa mata.

Inda abin ya fi fitowa fili shi ne batun wariyar launin fata. Baƙaƙen fatar da suka yiwo ƙaura daga kudancin ƙasar don neman aiki an takure su a unguwanni ƙalilan, musamman St. John da Floral Park. To, shirin Mott an gina shi ne a kan cewa kowace unguwa da makarantarta, kowane yaro kuma da makarantar unguwarsu. Idan unguwanni a ware suke, makarantu ma a ware za su kasance. Wani masanin tarihi, Andrew Highsmith, a littafin da ya wallafa kan garin a 2015, ya nuna yadda hukumar ilmi ta riƙa shata iyakokin makarantu don a raba farare da baƙaƙe, da yadda aƙidar makarantar unguwa ta zama garkuwar da ake kare wannan rarrabuwa da ita. Kotun Ƙolin ƙasar ta haramta wariya a makarantu tun 1954, amma a tsakiyar shekarun 1970 jami'an gwamnatin tarayya sun tarar makarantun Flint har yanzu a ware suke, suka tilasta a yi gyara. Fitilar ta haska kowace unguwa, amma ba ta rushe katangar da ke tsakaninsu ba.

Da rijiyar ta ƙafe

Tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu kamfanin ya fara gina sababbin masana'antunsa a bayan gari, inda harajinsu ba ya shiga asusun Flint. Fararen fata masu hali suka bi su. Daga baya motocin Japan da na Jamus suka shigo kasuwa da ƙarfi. A 1986 General Motors ya ba da sanarwar rufe masana'antu da dama, har da na Flint. A 1999 aka rufe babbar masana'antar Buick. Kafin 2010 ma'aikatan kamfanin a yankin sun koma ƙasa da 10,000. A ƙidayar 2020 mutum 81,000 da 'yan kai suka rage a garin.

A 1994 jihar Michigan ta sake tsarin kuɗin makarantu, ta rage dogaro da harajin gidaje, ta koma biyan kowace hukumar ilmi gwargwadon yawan ɗalibanta. A shekarun nan kuma aka ba iyaye damar kai 'ya'yansu makarantun maƙwabtan garuruwa, ko waɗanda wasu ƙungiyoyi ke gudanarwa da kuɗin gwamnati. Duk yaron da ya fita, da kuɗinsa yake fita. Aka yi ta rufe makarantu ɗaya bayan ɗaya, har da tsohuwar sakandaren Central a 2009. A farkon shekarun 2020 ɗaliban da suka rage wajen 3,000 ne. Daraktocin makarantun unguwa kuwa tuni aka yi ta rage su har aka wayi gari babu su.

Abin lura a nan shi ne, gidauniyar ba ta talauce ba. Ta rarraba jarinta a wurare dabam dabam, ta faɗaɗa ayyukanta zuwa sauran jihohi da ƙasashen duniya, dukiyarta ta haura dala biliyan 3, ofishinta kuma yana nan a tsakiyar Flint. Amma mabuɗi ba ya amfani idan gidan ya rushe. Dabarar 1935 ta ginu ne a kan makarantar da wani ya riga ya gina yake kuma biyan malamanta.

Sai kuma masifar ruwa. A watan Afrilu 2014, lokacin da garin yake hannun kantoman da gwamnan jiha ya naɗa saboda bashi, aka daina sayen ruwa daga Detroit aka koma jan ruwan kogin Flint don a rage kashe kuɗi. Ba a sa wa ruwan maganin da ke hana shi cin bututu ba, sai dalma ta riƙa narkewa a ciki. Mun san abin da gubar dalma take yi wa yara tun abin da ya faru a Zamfara a 2010. A watan Satumba 2015 wata likitar yara, Mona Hanna-Attisha, ta bayyana cewa dalma ta ƙaru a jinin yaran garin. Da aka tashi komawa ruwan Detroit a watan Oktoba, kuɗin ya kama dala miliyan 12: jiha ta ba da 6, gari ya ba da 2, gidauniyar Mott ta cika 4. A 2016 ta yi alkawarin kashe har dala miliyan 100 cikin shekara biyar don farfaɗo da garin. Gidauniyar da ta fara da biyan ladan masu kula da wasan yara, ga ta tana biyan kuɗin ruwan sha, aikin da yake na hukuma tsantsa.

Daga 2014 ta sake ɗaukar nauyin dawo da shirin makarantun unguwa a Flint. Amma a watan Yuli 2021 saɓani ya shiga tsakaninta da hukumar ilmi kan wani shiri na sake gina makarantu, sai gidauniyar ta ba da sanarwar dakatar da tallafinta. Bayan 'yan kwanaki, da mutanen gari suka koka, ta janye. An sasanta, amma iyaye sun ga abin da ba za su manta ba, watau ajin yamman 'ya'yansu yana iya tsayawa da takarda guda daga ofishin da ba su da ƙuri'a a cikinsa.

Gwamnatin tarayya ta karɓa

Yanzu bari mu bar Flint, mu koma baya kaɗan, mu ga inda dabarar ta kai a faɗin ƙasar. A 1994 Majalisar Dokokin Tarayya ta kafa wani shiri mai suna Cibiyoyin Koyo na Unguwa na Ƙarni na 21. Ya fara da ƙaramin ƙarfi, dala 750,000 a 1995. A 1998, zamanin Shugaba Bill Clinton, aka ɗaga shi zuwa dala miliyan 40, gidauniyar Mott kuma ta shiga yarjejeniya da Ma'aikatar Ilmi, ta yi alkawarin dala miliyan 55 cikin 'yan shekaru. Kuɗin nata ba na gudanar da cibiyoyin ba ne. An kashe shi ne wajen horar da ma'aikata, da koya wa makarantu yadda ake neman tallafin, da auna ingancin aiki, da wayar da kan jama'a. Kason gwamnati ya tashi zuwa dala miliyan 200 a 1999, ya kai biliyan 1 a 2002. A nan ma an maimaita lissafin 1935: gwamnati ta ɗauki gangar jikin kayan, gidauniya ta kama mata gefe.

To amma ajin yamma yana da wani rauni da ajin safe ba shi da shi. Doka ta wajabta wa jiha ta buɗe makaranta, ta kuma wajabta wa yaro ya je. Babu dokar da ta wajabta ajin yamma. Saboda haka duk lokacin da aka ɗauko almakashi, shi ake fara dubawa. A 2003 wani bincike da gwamnati ta sa aka yi ya nuna cewa shirin bai ƙara wa yara makin jarrabawa sosai ba, sai gwamnatin Shugaba George W. Bush ta nemi a zaftare shi daga dala biliyan 1 zuwa miliyan 600. Majalisa ta ƙi. A 2017 gwamnatin Shugaba Donald Trump ta nemi a soke shi ɗungurungum. Majalisa ta sake ƙi. Cikin abin da ya tsirar da shi har da ƙungiyoyin iyaye da malamai da masu fafutuka waɗanda gidauniyar Mott ta taimaka aka kafa a jihohi. Masu kare shirin sun kafa hujja da cewa amfaninsa ya wuce maki, domin yaro yana samun wurin zama lafiya, iyaye kuma suna samun damar kammala aikin yini.

A 2025 abin ya zo ta wata fuska. Majalisa ta riga ta amince da kuɗin, jihohi suna jiran su karɓa ranar 1 ga Yuli kamar yadda aka saba. Ana gobe za a biya, Ma'aikatar Ilmi ta sanar da su cewa ta riƙe fiye da dala biliyan 6 na shirye-shiryen ilmi dabam dabam, tana sake dubawa. A ciki akwai kimanin biliyan 1.3 na ajin yamma da na hutun bazara, wanda yara fiye da miliyan 1 ke amfana da shi, akasarinsu 'ya'yan talakawa. Jihohi 24 suka kai ƙara kotu, sanatoci 10 daga jam'iyyar shugaban ƙasa suka rubuta wasiƙar neman a saki kuɗin. A ranar 18 ga Yuli aka saki na ajin yamma, bayan mako guda aka ce za a saki sauran. Kuɗin ya fito, amma mako biyu da rabi na rashin tabbas ba ƙaramin abu ba ne ga wanda zai ɗauki ma'aikata, ya yi hayar motar ɗaukar yara, ya gaya wa iyaye ko za a buɗe ko ba za a buɗe ba.

Da an riƙe kuɗin gaba ɗaya, shin masu kyauta za su iya cike gurbin? Lissafi ya ba da amsa. Da gidauniyar Mott za ta sayar da duk abin da ta mallaka ta zuba a wannan shiri guda, shekara biyu ko uku kawai zai ɗauka ya cinye. Alhali kuwa abin da doka ta wajabta wa irin waɗannan gidauniyoyi su fitar a shekara bai wuce kimanin kashi 5 cikin 100 na dukiyarsu ba, shi ma ana raba shi ne tsakanin ayyuka masu yawa.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, ni dai ban ga dalilin raina kyautar attajiri ba. Ba don dala 6,000 ɗin nan ba, da wataƙila makarantun Flint sun daɗe a garƙame da yamma. Mai kyauta yana iya gwada abin da ma'aikacin gwamnati yake tsoron gwadawa, yana iya yin sauri inda hukuma take jan ƙafa, idan gwajin ya yi kyau kuma yana iya tallata shi har gwamnati ta karɓa. Mott da magadansa sun yi duk waɗannan.

Amma a kowane mataki na labarin nan, in ka duba, za ka tarar akwai wani babban abu na jama'a da kyautar ta jingina da shi: a 1935 gine-ginen makarantu, a 1998 kasafin kuɗin tarayya. Inda majinginin ya zame, kamar yadda ya faru a Flint bayan tafiyar masana'antu, kyautar ba ta hana faɗuwa ba. Kuɗin gwamnati yana rawa, mun gani a 2003 da 2017 da 2025. Na attajiri ma yana rawa, mun gani a 2021. Bambancinsu shi ne, idan na gwamnati ya yi rawa talaka yana da kotu da ɗan majalisa da ƙuri'a, domin haƙƙinsa yake nema. Idan na attajiri ya yi rawa, sai dai roƙo. Ba banza ba aka ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Da yawa daga cikinmu, 'yan'uwana ɗalibai, gobe mu ne shugabannin makarantu da jami'an ma'aikatun ilmi, wasu ma su ne attajiran. Ranar da wani bawan Allah ya zo da alherinsa, a karɓa da hannu biyu, a yi masa godiya. Sa'an nan a zauna a rubuta wanda zai ci gaba da biyan malami idan kyautar ta ƙare, da wanda zai yanke hukunci idan ra'ayin mai kyauta ya saɓa da na iyayen yara. Tun ranar biki ya kamata a yi wannan rubutu, domin bayan an watse ba mai son tayar da maganar. Allah ya sa mu dace.